Rile ba shi da ido sai waya: fashin baƙi kan ɗaura na'urar kariya a fanel

Duk kayan da ke cikin fanel ɗin lantarki babu wanda ya kai rile na kariya, wato na'urar da ke sa a yanke wuta in matsala ta auku, zaman shiru. Fitilun ƙofa suna kamawa suna mutuwa, mita tana ƙirga, makunnai ana murɗa su kullum, kowa ana ganin aikinsa. Shi kuwa rile sai ya shekara biyar ko goma bai motsa ba. Ranar da waya ta haɗu da waya, ko kebul ya fashe ya taɓa ƙasa, ranar ce ake son ya tashi, kuma cikin ƙiftawar ido. A wutar da ke juyi 50 a daƙiƙa, juyi guda yana cin kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Rile mai saurin yanka yana gama shawara cikin juyi ɗaya ko biyu, bireka, babban makunnin da ke yanke wutar, ya ƙara biyu ko uku kafin ya buɗe. Idan aka wuce haka da yawa, jan ƙarfe ya fara narkewa.

A nan wahalar aikin take. In ka haɗa fitila ba daidai ba, tun kana tsaye za ka sani. In ka haɗa rile ba daidai ba, zai kunna allonsa, ya nuna maka koren haske, ka tattara kayan aikinka ka tafi da farin ciki, kuskuren kuwa yana kwance yana jiran ranarsa. Shi ya sa nake ganin wanda zai ɗaura rile ya fi bukatar fahimtar dalilin kowace waya a kan haddace lambobin mahaɗa.

Rile ba ya taɓa babbar wuta, ba ya kuma yanke ta da kansa. Abu uku ne suke aiki tare. Akwai ƙananan taransifomomin awo da ke kawo masa labari: CT mai rage yawan wutar da ke gudana, da VT mai rage ƙarfinta. Akwai shi kansa rile da ke auna labarin. Sannan akwai bireka, wanda shi ne hannun da ke yankewa. Duk abin da rile ya sani, waya ce ta faɗa masa. Duk abin da zai aikata, ta waya zai aikata.

Tsofaffin rile suna da faifan ƙarfe da maganaɗisu ke juyawa, kamar na tsohuwar mitar wuta, in wuta ta yi yawa faifan ya juya har ya haɗa baki. Na yanzu ƙaramar kwamfuta ce. A 1969 George Rockefeller ya rubuta maƙala kan yin kariya da kwamfuta, a 1982 kuma Edmund Schweitzer ya kafa kamfanin SEL a Amurka, wanda ya fara sayar da rile mai kwamfuta a 1984. Akwati ɗaya yanzu yana yin aikin da a da sai an jera guda goma. Amma wayoyin bayansa ba su canza hali ba. A zane za ka ga lambobi cikin da'ira, tsari ne na IEEE C37.2: 50 wutar da ta yi yawa a yanke nan take, 51 a yanke bayan ɗan jinkiri, in an ƙara N ana nufin zubar wuta zuwa ƙasa, 27 faɗuwar ƙarfin wuta, 59 hauhawarsa, 87 bambanci tsakanin abin da ya shiga da abin da ya fita, 86 makulli, 52 shi ne bireka kansa. Wanda bai iya karanta waɗannan ba bai kamata ya ɗauki sukundireba ba tukuna.

Kafin a taɓa komai

Fanel ɗin kariya ba hanya ɗaya wuta ke shiga masa ba, kuma wannan ya ci mutane da yawa. Ka kashe babban bireka, amma batir yana nan yana ba da wutarsa. VT na iya zama a gefen da ke da rai. Akwai wutar fitila da ta abin ɗumama fanel, mai yiwuwa daga wani allo can dabam take zuwa. Akwai CT, wadda muddin wuta na bi ta cikinta haɗari ce ko da an kashe duk sauran. Kowace hanya a raba ta, a sa mata kwaɗo da takardar gargaɗi, makullin ya zauna a aljihun mai aikin. Sannan a gwada. A fara gwada ma'aunin a wurin da aka san akwai wuta, a auna inda za a yi aiki, a koma a sake gwada ma'aunin, don mataccen ma'auni ko'ina aka kai shi sifili zai nuna.

Wurin zama

Yawancin rile ana yanka musu gurbi a ƙofar fanel, fuska a waje, mahaɗai a ciki. Wasu suna hawa layin ƙarfe na DIN mai faɗin milimita 35, manya kuma suna shiga maratayi mai inci 19. Girman gurbin yana cikin littafin na'urar, kuma daga nan ake ɗaukarsa, ba daga kallon akwatin ba. In ya yi faɗi, robar da ke bakin rile ba za ta kama ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙura da danshi da ƙwari su mayar da ciki gidansu. In ya matse aka tura da ƙarfi, akwatin ya murɗe.

Abin da na fi jan kunnen masu koyo a kai shi ne ɓarɓashin ƙarfe. Ana yanka da huda ne kafin a fito da rile daga kwalinsa. In fanel ɗin yana da wasu kaya a ciki, a rufe su ruf, a share tas bayan an gama. Ɗan ɓarɓashin da bai kai ƙwayar yashi ba, in ya faɗa ta ramin iska ya sauka kan allon ciki, ya isa ya kashe na'urar bayan watanni, lokacin da babu wanda zai tuna ranar da aka yi hudar.

Tsayin ya zama daidai idon mutum a tsaye, domin wanda zai karanta allon nan da tsakar dare bayan wuta ta yanke ba zai so durƙuso ba. A nisanta shi da abin da ke fitar da zafi, kar a ɗora shi saman taransifoma ko abin ɗumama fanel, tunda zafi sama yake tashi. Kafasitocin da ke sashen wutar rile su ne suka fi saurin tsufa, kuma ƙiyasin da aka saba da shi shi ne duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. A nisanta shi kuma da manyan kwantakta, makunnan da maganaɗisu ke ja, masu girgiza ƙofa. A bar fili a baya wanda hannu da sukundireba za su shiga, a rufe ƙofar a hankali a gani ko bayan rile yana dungurar wani abu.

Wayar farko da ake ɗaurawa ita ce ta ƙasa, ita ce kuma ta ƙarshe da ake cirewa. Akwai kusa ta musamman a jikin akwatin. Daga nan zuwa sandar ƙasa ta fanel a yi amfani da waya mai kauri, gajera iya gwargwado, in da hali saƙaƙƙiya mai faɗi. Amfaninta bai tsaya ga tsare mutum daga jan wuta ba. Duk lokacin da bireka ya buɗe ko tsawa ta faɗi kusa, wani tartsatsin wuta mai saurin gaske yana bin wayoyi, kuma ta wannan hanya rile ke zubar da shi. Doguwar waya mai nannaɗe-nannaɗe ba ta zubar da irinsa da kyau. Ƙofar ma a haɗa ta da jikin fanel da wayarta, kar a dogara da hinji, don fenti da mai da tsatsa sun raba ƙarfen. A kankare fentin inda za a ɗaure.

CT, inda ake yin kuskuren da ya fi tsada

CT zoben ƙarfe ne da aka naɗe da waya, babbar wayar lodi ta ratsa tsakiyarsa. In an rubuta 400/5, ana nufin amfiya 400 a babbar waya za ta fito amfiya 5 a ƙarama. Wasu 1 suke fitarwa maimakon 5. Dole mashigar rile ta dace da wannan, kuma rile da yawa suna da mahaɗa dabam ga kowanne, ko a zaɓa a cikin saiti.

Doka ta farko: ba a buɗe wayar CT muddin wuta na bi ta babbar waya. Ba a sa mata fis, ba a sa mata makunni, ba a cire ta "na ɗan lokaci". Dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Wutar babbar waya lodi ne ke ƙayyade ta, CT ba ta da ta cewa. Wutar da ke fita ta ƙaramar waya tana haifar da maganaɗisun da ke soke kusan duk na babbar, sai zoben ya zauna da ɗan kaɗan. Da zarar an buɗe ƙaramar, mai sokewa ya tafi. Zoben ya cika maƙil, kuma duk rabin juyi maganaɗisun yana kifewa daga wannan gefe zuwa wancan cikin gaggawa. Wannan kifewar ce ke haifar da tsinin wuta da ke iya kai dubban bolt a bakin wayar da aka buɗe, daidai wurin da yatsan mai aiki yake. Ko mutum ya tsira, rufin wayar cikin CT na iya ƙonewa, zoben kuma ya riƙe ragowar maganaɗisu da zai ɓata awonsa.

Saboda haka wayoyin CT ba sa zuwa rile kai tsaye. Suna sauka kan mahaɗai na musamman masu gada, waɗanda za ka fara haɗe bakin CT da kansa kafin ka raba gefen rile. Rile masu zaruwa daga akwati suna da irin wannan gada a ciki, tana rufewa da kanta in an zaro. Kan wayar kuma ya zama mai zobe, wanda kusa ke ratsawa, ta yadda ko ta saki ba zai zame ya fita ba. Duk CT da aka ɗaura ba a amfani da ita, a haɗe bakinta a sa mata ƙasa.

Na biyu shi ne fuska. CT tana da gaba da baya: P1 da P2 a babban gefe, S1 da S2 a ƙarami. In wuta ta shiga ta P1, ta S1 take fita zuwa rile. Ga rile mai duba yawan wuta kawai a layi ɗaya, juya fuska ba ya canza lamba, shi ya sa ake raina abin. Amma da zarar an haɗa CT uku don gano zubar wuta zuwa ƙasa, magana ta canza. Layuka uku masu lodi daidai, in aka tara su, sifili suke bayarwa, kuma wannan sifilin shi ne shaidar lafiya. In aka juya guda, jimillar ta koma ninki biyu na wutar layi ɗaya.

Na taɓa tsayawa gaban wani fanel da aka ce rile ɗinsa ya lalace. Da safe lafiya lau, da an tayar da injuna biyu ko uku sai bireka ya faɗi, allon ya rubuta zubar wuta zuwa ƙasa. An gwada kebul, babu komai. Har an fara maganar a ɗaga saitin ko a kashe wannan sashe gaba ɗaya. CT ɗin 400/5 ce, an saita 51N a kashi 20 cikin 100, wato amfiya 80. Na ce a tayar da lodi kaɗan mu kalli allo. Layi na ɗaya 30, na biyu 30, na uku 31, na ƙasa 60. Na haska tocila a bayan mahaɗan, ga wayoyi biyu na layi na biyu, lambar S1 a gurbin S2. Da lodi ya wuce amfiya 40, rile yana ganin 80, yana yin abin da aka sa shi. Gaskiya yake faɗa bisa labarin da aka kawo masa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saura ƙiris a toshe masa baki, a bar kebul ɗin babu mai gadi.

Na uku, ƙasa a wuri ɗaya tak. Dole a haɗa gefe ɗaya na ƙaramar wayar CT da ƙasa, domin in rufin da ke tsakanin babba da ƙarama ya lalace kar babbar wuta ta hau wayoyin rile. Amma in aka haɗa a jikin CT aka sake haɗawa a fanel, an buɗe hanya ta biyu. Ranar da aka sami matsala, wuraren biyu ba za su kasance a ƙarfi ɗaya ba, wuta ta bi ta tsakaninsu, wata ta kauce wa rile, wata baƙuwa ta shigo masa. Zane ne ke nuna inda za a yi, a bi shi, a kuma duba cewa wani bai riga ya yi a can ɗaya gefen ba.

Na huɗu shi ne nauyin da ake ɗora mata, kuma a nan ɗan lissafi yana da daɗi. A jikin CT za ka ga wani abu kamar 15 VA 5P20. Ma'anarsa: in kayan da take ɗauka bai wuce VA 15 ba (VA shi ne ma'aunin wannan nauyi), za ta faɗi gaskiya da kuskuren da bai haura kashi 5 cikin 100 ba har zuwa ninki 20 na wutarta. Ga mai 400/5, har amfiya 8000 ke nan. Kayan nan kuwa ba rile ba ne kawai, wanda na zamani nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Waya ce. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita sukwaya 2.5 tana da turjiya kusan om 7.4 a kilomita. In tsakanin CT da rile mita 50 ne, zuwa da dawowa mita 100, om 0.74. Nauyin shi ne wuta sau kanta sau turjiya: 5 sau 5 sau 0.74, VA 18.5. Waya kaɗai ta wuce abin da CT za ta iya ɗauka. In aka koma kaurin 4, ya sauka zuwa kusan 11.5. In CT mai fitar da amfiya 1 ce, da waccan waya ta farko, VA 0.74 kacal. Wannan ne dalilin da ake fifita mai 1 in tafiyar da nisa.

Me ke faruwa in nauyi ya yi yawa? A lodin yau da kullum ba a ganin komai. Sai babbar matsala ta zo, zoben ya ƙoshi da wuri, abin da ke fita ya gaza abin da ya kamata. Rile ya ga ƙaramar matsala alhali babba ce, ya yi jinkiri. Haka nan in aka haɗa rile da CT ta mita, mai aji 0.5 ko makamancinsa. Ita da gangan aka yi ta ta ƙoshi da wuri don ta tsare mita daga babbar wuta. CT da yawa suna da zobe biyu a jiki ɗaya, 1S1 da 1S2 na wannan, 2S1 da 2S2 na wancan, kuma a ido duk ɗaya suke. Farantin jikinta ne zai faɗa maka wanne ne na kariya.

Akwai kuma zobe guda babba da ake ratsa duka layukan ta cikinsa don kama ƙaramar zubar wuta. In sulken kebul ya ratsa zoben, wayar ƙasa ta sulken sai ta dawo ta cikin zoben kafin ta je sandar ƙasa. In ba haka ba, wutar da ta zuba ta dawo ta sulke ta soke kanta, zoben ya ga sifili.

VT akasin CT ce a kusan komai. Ita ba a haɗe bakinta, don haka ana sa mata fis ko ƙaramin bireka kusa da ita. Yawanci tana fitar da bolt 100 ko 110 tsakanin layi da layi. Ita ma ƙasa wuri ɗaya. Abin lura shi ne jerin layuka: wutar layi na ɗaya daga CT da ƙarfin layi na ɗaya daga VT su shiga gurbin da ya dace, in ba haka ba rile mai gane alkibla zai ɗauki gaba a matsayin baya. Yayin gwaji kuma, kar a cusa wuta a ƙaramin gefe ba tare da an raba VT ba, don za ta ɗaga ta zuwa dubban bolt a babban gefe, inda wataƙila wani ke aiki.

Wutar da rile ke ci, da wayar yanka

Rile yana bukatar wutar kansa, kuma a manyan wurare batir ne ke ba shi, bolt 24, 48, 110, 125 ko 220. Dalili a fili yake: lokacin da waya ta haɗu da waya, ƙarfin wutar layi yana faɗuwa, wato daidai lokacin da ake bukatar rile shi ne lokacin da wutar layi ba abin dogaro ba ce. Inda babu batir, akwai rile masu cin wuta daga CT, akwai kuma kafasito mai ajiye abin da zai isa yanka. Ko wanne ne, a karanta farantin rile kafin a kunna, don mai bolt 24 in ya sha 110 sau ɗaya ne. Wutar kariya ta sami fis nata, kar a raba ta da fitilu da ƙararrawa, kar ƙonewar fitila ta tafi da mai gadi.

Yanzu wayar yanka, wadda duk aikin nan dominta ake yi. Hanyarta gajera ce a zane: daga batir, ta fis, ta kwantak ɗin rile, wato bakin makunninsa, ta wani ɗan kwantak a jikin bireka mai suna 52a, ta kwayil ɗin yanka, wato naɗin wayar da ke fizge bireka ya buɗe, ta koma batir. Mutane sukan tambayi amfanin 52a, tunda rile ya riga ya zama makunni. Amsar tana cikin halin wutar batir. Wutar layi tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsi ya sami damar mutuwa. Ta batir ba ta ratsa sifili, kwayil kuma ba ya son a katse masa wuta. Kwantak ɗin rile yana iya haɗa amfiya 30 na ɗan lokaci, amma abin da zai iya katsewa a irin wannan hanya sau da yawa bai kai rabin amfiya ba. Don haka rile ya haɗa, bireka ya buɗe, 52a mai ƙarfi ya katse wutar kwayil, sannan rile ya saki babu kaya a kansa. In aka tsallake 52a, ko kwayil ya ƙone, ko kwantak ɗin rile ya narke ya manne.

Wannan hanya in ta tsinke babu mai sani. Fis ya ƙone, kusa ta saki, ɓera ya ci waya, kwayil ya yanke a ciki, komai na waje yana nan kamar jiya. Maganinsa shi ne sa ido na dindindin: a bar 'yar wuta ƙanƙanuwa, wadda ba ta isa motsa kwayil ba, tana zagaya hanyar dare da rana, in ta tsaya ƙararrawa ta yi kuka. In an haɗa da 52b, kwantak ɗin jikin bireka da ke rufe lokacin da bireka ke buɗe, ana duba hanyar ko bireka yana buɗe, sai a sani kafin a rufe shi a kan matsala. A ganina fanel ɗin da ba shi da wannan bai kammala ba, ko da mai shi bai nema ba ya kamata a faɗa masa. Haka kwantak ɗin da rile ke shelar mutuwar kansa da shi. Sau da yawa na tarar da shi babu waya ko ɗaya, alhali wayoyi biyu ne kawai zuwa fitila ko ƙararrawa.

Inda matsalar ba ta wucewa da kanta, kamar cikin taransifoma, ana bi ta makulli 86. Shi in ya faɗi yana yanke bireka, ya kuma hana a rufe shi har sai mutum ya zo ya mayar da hannunsa.

Sauran aikin hannu ne, amma shi ke nuna gwani. Kowace waya da lamba a kai biyu, daidai da zane. Waya mai silli-silli a matse mata kai da abin matsewa na gaskiya, a ja a ji ta kama. Kar a cusa fiye da biyu a mahaɗa ɗaya. A ɗaure kusa gwargwadon abin da littafi ya ce, ba iya ƙarfin hannu ba. Damin da ke tsallakawa zuwa ƙofa a bar masa lanƙwasa yadda zai murɗa a hankali, kar ya riƙa karyewa wuri ɗaya. Wayoyin awo da na sadarwa su bi hanya dabam da manyan kebul, in dole su haɗu, su gitta juna.

Gwaji

Saiti fanni ne mai zaman kansa, lissafin dukan layin ne ke fitar da shi, ba ra'ayin mai ɗaurawa ba. Misali guda ya isa nuna nauyinsa. A lanƙwasar lokacin jira da ƙa'idar IEC 60255 ta kira ta yau da kullum, in wuta ta ninka saiti sau 10, rile yana jiran kusan daƙiƙa 3 in ma'aunin lokaci yana 1, kusan 0.3 in yana 0.1. Ana jera waɗannan lokuta ne don na kusa da matsala ya riga na bayansa yankewa. Mai ɗaurawa ya shigar da abin da aka ba shi, ya tabbatar rabon CT da ke cikin saiti shi ne na farantin, ya kuma duba cewa kowane sashe an nuna masa kwantak ɗin da zai rufe. Rile na iya ganin matsala, ya kunna jar fitila, bai rufe komai ba, saboda ba a haɗa su a cikin saiti ba.

Ana farawa da bin kowace waya da ma'auni, ana yi wa zane alama. Sai gwajin rufin waya da bolt 500, bayan an raba rile da wayoyin, an kuma ɗage wayar ƙasa ta CT. Wannan gwaji yana tona ƙasa ta biyu in akwai ta: ka ɗage guda, in har yanzu ma'auni na nuna haɗuwa, akwai wata a ɓoye. Fuskar CT ana gane ta da ƙaramin batir da ma'auni mai allura, ka taɓa P1 ka ga inda allurar ta harba. Daga nan a cusa wa rile wuta da na'urar gwaji, a ga a ina yake tashi, a auna lokacinsa. Wannan ya gwada rile kawai. Wanda ke gwada CT da waya da rile a tare shi ne cusa babbar wuta ta cikin zoben kansa, kuma in akwai kayan yinsa kar a tsallake. Sannan a bar rile ya yanke bireka na gaske, a ji ƙararsa da kunne. Gani ya kori ji, amma a nan ana son duka biyun.

Bayan gwaji akwai tarko na ƙarshe, wanda ya fi juya fuska muni domin shi ba ya kuka. Gadar da aka haɗe bakin CT da ita, in aka manta ba a buɗe ba, yawancin wutar ta bi gada ta koma, rile ya sami ɗan abin da ya rage. Haka mahaɗar yanka da aka raba don kar bireka ya faɗi yayin gwaji. Ni dai nakan rubuta duk abin da na buɗe ko na rufe a takarda, in manna ta a ƙofar fanel, ba na rufe ƙofar sai na soke layi na ƙarshe.

Da an ba da wuta aka ɗora lodi, a tsaya gaban allon. Layuka uku su yi kusa da juna, su kuma yi daidai da abin da ma'aunin maƙalawa ya nuna a wayar. Na ƙasa ya kusan sifili. Kusurwa tsakanin layi da layi ta kusan digiri 120, a jerin da ya dace. In rile mai duba bambanci ne, bambancin ya zama kaɗan ƙwarai. A rubuta waɗannan lambobi da kwanan wata, a gyara zane da jan biro duk inda aiki ya saɓa masa, a ajiye kwafin saiti, a sa duka cikin aljihun ƙofar fanel inda mai zuwa gwaji na gaba zai same su.